Laifi Tudu Ne: Yadda Muke Auna Kanmu da Junanmu a Zaman Asibiti

Mai karatu, mai yiwuwa wannan mujalla ta same ka ne a kan benci kana jiran a kira lambar katinka, ko kuwa a gefen gadon wani ɗan'uwa da kake jinya. Ɗaga kai ka dubi mutanen da ke kewaye da kai. Ko da ba ka yi magana da kowa ba, zuciyarka ta riga ta yanke wa kowa hukuncinsa. Waccan matar da ke rungume da ramammen yaro, ka ce sakaci ne. Wancan saurayin da ke tari yana ɓoye katinsa a aljihu, ka ce yawon banza ne ya jawo masa. Ma'aikaciyar da ta wuce da sauri ba ta amsa gaisuwarka ba, ka ce girman kai ne. Su ma fa suna can suna yanke naka.

Wannan ba wani mugun hali ba ne da kai kaɗai ke da shi. Haka zuciyar ɗan Adam take, ba ta iya zama da tambaya babu amsa, don haka da ta ga abu sai ta nemo masa dalili nan take. Akwai reshe guda a ilimin halayyar ɗan Adam da aikinsa ke nan, wato binciken yadda mutum ke fassara kansa, da yadda yake fassara sauran jama'a, da kuma wuraren da fassarar ke kuskurewa. Wani zai ce me ya haɗa ungozoma da wannan fanni? Abin da ya haɗa mu shi ne, hukuncin da ake yanke wa mara lafiya a zuci ba ya tsayawa a zuci. Shi ke sa mace ta daina zuwa awo, shi ke sa mutum ya ɓoye maganinsa har ya daina sha, wani lokaci ma shi ke kashe aure tun maijego ba ta gama wanka ba.

Halinsa ne, ko halin da yake ciki?

Bahaushe yana da kalma guda mai fuska biyu, ita ce hali. Akwai halin mutum, akwai kuma halin da mutum ya tsinci kansa a ciki. Kusan duk binciken da za mu ambata a nan a kan waɗannan fuskoki biyu yake yawo.

Wani masani ɗan asalin ƙasar Ostiriya mai suna Fritz Heider, wanda ya koma Amurka da zama, shi ne ya fara tsara maganar. A shekarar 1944 shi da wata abokiyar aikinsa, Marianne Simmel, suka nuna wa mutane wani ɗan gajeren fim. Babu mutum a cikinsa, babu dabba, sai zane mai kusurwa uku guda biyu da ɗan da'ira suna motsi a kusa da wani akwati. Da aka ce su faɗi abin da suka gani, kusan dukkansu labari suka bayar: wannan azzalumi ne, wancan matsoraci ne, waɗannan biyun kuma masoya ne suna neman guduwa. To idan mutum zai iya ɗora wa zanen alli mugun nufi, ina ga maƙwabciyarsa? A littafin da ya fitar a 1958, Heider ya nuna cewa duk lokacin da muka ga wani ya aikata abu, ɗayan biyu muke yi: ko mu ce daga cikinsa abin ya fito, ko mu ce wani abu ne daga waje ya tilasta masa.

Matsalar ita ce ma'aunin namu ya karkata gefe guda. A 1967 Edward Jones da Victor Harris na Jami'ar Duke suka ba ɗalibai wani rubutu mai yabon Fidel Castro, shugaban Kuba na lokacin, wanda yawancin Amurkawa ba sa ƙauna. An gaya wa wasu daga cikin ɗaliban ƙarara cewa marubucin ba shi ya zaɓi ɓangaren ba, umurtarsa aka yi ya rubuta haka. Duk da sun ji wannan da kunnensu, sai suka ci gaba da ɗauka cewa lallai marubucin yana da ɗan ra'ayin Castro a ransa. Shekara goma bayan haka, a 1977, Lee Ross na Jami'ar Stanford ya raɗa wa wannan ɗabi'a sunan da aka san ta da shi har yau, wanda ma'anarsa ita ce babban kuskure wajen jingina dalili: mu kan zuzuta rawar da halin mutum ya taka, mu rage wa halin da yake ciki nauyi.

Bari mu kawo maganar ɗakin haihuwa. A ce an shigo da yarinya 'yar shekara goma sha bakwai, haihuwar fari, ta kwana biyu tana naƙuda, ta galabaita, bugun zuciyar jaririn ya yi rauni ko ma babu. Maganar farko da za ta fito daga bakin mutanen da ke bakin ƙofa ita ce: “Jahilci ne. Ba sa son asibiti.” Amma da za ka bi sawun kwana biyun nan a hankali, ga irin abin da ka kan tarar. Daren farko ba ta gaya wa kowa ba, domin tun tana ƙarama aka koya mata cewa kunya ce mace ta nuna zafin haihuwar fari. Da gari ya waye aka gane, mijin ya tafi cin rani ko kasuwar ƙauye, babu mai ikon cewa a fita da ita. Da aka same shi a waya, sai neman mota, sai cinikin kuɗin mota, sai hanya da ruwa ya yanke. Da suka isa ƙaramin asibitin da ke kusa, babu jini, babu mai yin tiyata, aka rubuta musu takarda su yi gaba. Tun a 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka kasa wannan tafiya gida uku: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawar da ta dace bayan an isa. Ka lura da kyau, a cikin ukun nan babu ko ɗaya da ke hannun yarinyar ita kaɗai. Abin da ya fi ba ni takaici ma shi ne, dauriya da kunyar da aka yaba mata a gida jiya, su ne ake kira sakaci yau a ƙofar asibiti.

Me ya sa muke wannan kuskure? Dalili mafi sauƙi shi ne, mutumin muke gani da ido, amma ba ma ganin hanyar da ya biyo. Yarinyar tana gabanka a kan gado, gadar da ta karye tana can nesa. Daniel Gilbert da abokan aikinsa sun nuna a 1988 cewa zuciya kan fara ɗora abu a kan halin mutum ba tare da wahala ba, sai daga baya, idan akwai sarari, ta dawo ta yi gyara ta ce ƙila akwai uzuri. Idan kan mutum ya ɗauki zafi, hankalinsa ya rabu, wannan gyaran ba ya samuwa. Ina kuwa wurin da kai ke ɗaukar zafi kamar asibiti?

Ba ko'ina ne kuskuren yake da ƙarfi iri ɗaya ba. A 1984 Joan Miller ta kwatanta manya a Amurka da manya a birnin Maisur na Indiya, ta tarar 'yan Indiyan sun fi yawan ambaton yanayi da nauyin da ke kan mutum idan suna bayanin abin da ya aikata. Mu ma al'umma ce mai sanin dangantaka da nauyin iyali, amma kada mu yi saurin wanke kanmu. Mu ne masu cewa hali zanen dutse. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya yi nazari a kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki, ya jero siffofi irin su gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi da mutunci. Ma'auni ne mai kyau, amma duka na halin mutum ne. Wanda ya saba auna mutane da shi kullum, yana iya mantawa cewa mai haƙuri ma yakan yi tsawa idan ɗansa na suma a hannunsa.

Wannan ya kawo mu ga ma'aikaciyar da ba ta amsa gaisuwa ba. A 1973 John Darley da Daniel Batson suka wallafa wani gwaji da suka yi da ɗaliban makarantar koyon aikin coci a Princeton. An tura kowane ɗalibi wani gini ya gabatar da ɗan jawabi, wasu ma jawabin nasu a kan taimakon wanda aka tsinta a yashe a hanya ne. An ce wa wasu sun makara, su yi sauri, wasu kuma an ce musu akwai sauran lokaci. A kan hanya an ajiye mutum a zube a bakin ƙofa yana tari yana nishi. Cikin waɗanda ba sa sauri, kashi 63 cikin 100 sun tsaya sun taimaka. Cikin masu tsananin sauri, kashi 10 cikin 100 ne kawai. Mutane iri ɗaya, tarbiyya iri ɗaya, agogo ne kaɗai ya bambanta su. Ban kawo wannan don in wanke ma'aikacin da ke wulakanta marasa lafiya ba. Zagi, ko duka, ko tozarta mace a kan gadon haihuwa laifi ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa ta musamman a kan haka a 2014. Idan an yi maka, ko an yi wa wadda kake jinya, kai ƙara wurin shugabar ɗakin ko ofishin karɓar koke-koke, haƙƙinka ne. Amma wucewa da sauri daban, wulakanci daban. Wadda ta wuce ka ɗazu mai yiwuwa ledar jini ta je karɓowa.

Abin ban dariya, idan mu ne muka yi irin wannan, uzuri a shirye yake. Idan wata ta makara zuwa awo, malalaciya ce. Idan ke kika makara, ai yaro ne ya kwana da zazzaɓi. Jones da Richard Nisbett sun yi rubutu a kan wannan bambanci a 1971. Daga baya, a 2006, Bertram Malle ya tattara bincike 173 ya sake duba su, ya tarar abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba a kowane yanayi, ya fi fitowa ne idan abin da ya faru mara daɗi ne. Wato dai abin da kakanninmu suka riga suka faɗa: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

“Ai ita ta jawo wa kanta”

Akwai wani abu da ya fi wannan zurfi, kuma ya fi shi cutarwa. A 1966 Melvin Lerner da Carolyn Simmons suka sa ɗalibai mata su kalli wata 'yar'uwarsu a talabijin ana jona mata lantarki duk lokacin da ta yi kuskure a wani gwajin hadda. A gaskiya wasan kwaikwayo ne, babu lantarkin, amma masu kallon ba su sani ba. Waɗanda aka ba damar kawo ƙarshen wahalar tata, su saka mata da lada, sun yi hakan. Waɗanda kuwa aka nuna musu babu abin da za su iya, kuma wahalar za ta ci gaba, sai suka fara rage mata daraja a idonsu, suna ganin ba wata ta kirki ba ce. Bayanin Lerner shi ne, mutum yana son ya yarda cewa duniya tana tafiya bisa adalci, kowa abin da ya shuka yake girba. Ganin wanda bai ji ba bai gani ba yana shan wahala yana girgiza wannan yarda, domin yana nufin ni ma abin zai iya samuna. Hanya mafi sauƙi ta kwantar da hankali ita ce a nemo wa mai wahalar laifi.

Babu inda na ga wannan ƙarara kamar a kan masu yoyon fitsari. Ga yadda ciwon ke samuwa a mafi yawan lokuta. Idan naƙuda ta tsaya, kan jariri ya kasa wucewa, sai ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji a jikin ƙashin ƙugu na tsawon sa'o'i masu yawa. Jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar rami, fitsari ya riƙa bi ta nan dare da rana. Galibi jaririn ma ba ya rayuwa. Yankan gishiri ma yana jawo shi. Babu zina a cikin wannan bayani, babu sammu, babu bakin uwa. Amma sai ka ji ana raɗa cewa alhakin wani ne ya kama ta. A ware mata kwano, a hana ta girki, a mayar da ita gidansu, yarinyar da ta rasa ɗa ta kuma rasa miji a wata guda. Alhali ciwon yana gyaruwa da tiyata a mafi yawan mata. Cibiyar Babbar Ruga da ke Katsina, inda likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya yi wa dubban mata aiki tun daga shekarun 1980, da cibiyar Laure da ke Asibitin Murtala a Kano, duk don wannan aiki aka san su. Tun daga 2013 kuma ake ware ranar 23 ga watan Mayu a duniya domin yaƙi da ciwon.

Erving Goffman, wanda ya rubuta littafi a kan tsangwama a 1963, ya tuna mana cewa kalmar da Turawa ke amfani da ita ta samo asali ne daga tambarin da Girkawan da ke yanka ko ƙonawa a jikin bawa ko mai laifi don kowa ya gani ya kauce masa. Ya kuma lura cewa tambarin yakan shafi na kusa da mai shi. Shi ya sa za ka ga iyali na ɓoye mai farfaɗiya a ɗaki don kada 'yan'uwanta mata su rasa mijin aure, alhali farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓa jiki, kuma magani na tsayar da ita a yawancin masu ita.

Sauran laifuffukan da ake ɗora wa mata kuwa, ilimin jiki ya riga ya warware su. Mace ba ta zaɓar jinsin abin da za ta haifa, daga maniyyin namiji ne ake samun abin da ke sa ɗa ya zama namiji ko mace. Yaro ba ya yin sikila sai ya gaji ƙwayar daga uwa da kuma uba. Idan dukkansu AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Jijjigar masu juna biyu ba iskoki ba ne, hawan jini ne na ciki, kuma yakan yi sallama da ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi da kumburin fuska kafin ya kayar da mace.

Madubin da ke bakin mutane

Yanzu mu juyo da kallon ciki. Tun a 1902 Charles Cooley ya kwatanta yadda mutum ke sanin kansa da duba madubi, sai dai madubin nan fuskokin jama'a ne. Mukan ƙiyasta yadda suke ganinmu, mu ƙiyasta hukuncin da suka yanke, sannan mu ji alfahari ko kunya. Matar da ta yi ɓari sau biyu, idan kullum abin da take karantawa a fuskar uwar miji da kishiya shi ne “ba ta iya riƙe ciki ba”, ba a daɗewa za ta fara faɗa wa kanta haka ko babu kowa a ɗakin.

'Yar'uwa, idan ke ce a wannan hali, ki saurari wannan. Wani nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa a 2021 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 15 cikin 100 na cikin da aka tabbatar da shi yana zubewa, wato kimanin ɓari miliyan 23 a duniya kowace shekara. Kusan rabin ɓarin watannin farko yana faruwa ne saboda tangarɗa a ƙwayoyin gadon da suka haɗu tun ranar da cikin ya shiga, abin da babu hannun kowa a ciki. Shara, ko girki, ko zuwa wurin aiki, ko kwanciya da miji ba su ne ke zubar da lafiyayyen ciki ba.

A 1979 Ronnie Janoff-Bulman ta bambanta zargin kai iri biyu. Akwai mai cewa “abin da na yi ne”, akwai mai cewa “yadda nake ne”. Na biyun ya fi haɗari, domin shi ne ya fi tafiya tare da ciwon damuwa: mai cewa ni dama ba ni da amfani ba ta ga abin da za ta gyara ba, sai dai ta janye jiki. Na farkon ma, a ganina, ba ya da amfani sai idan gaskiya ne. Idan zazzaɓin cizon sauro ne ya taɓa cikin, ko ciwon suga da ba a kula da shi ba, ko ciwon sanyi da ba a yi magani ba, to akwai abin yi a ciki na gaba: gidan sauro, fara awo da wuri, gwajin jini, shan magani yadda aka tsara. Wannan shiri ne, ba zargi ba. Amma mace ta zauna wata uku tana tuhumar kanta a kan bokitin ruwan da ta ɗauka, wannan azaba ce kawai.

Kada a raina wannan damuwa. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna kimanin kashi 10 cikin 100 na masu juna biyu da kashi 13 cikin 100 na masu jego suna fama da matsalar da ta shafi ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, kuma adadin ya fi haka a ƙasashe masu tasowa. Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu, abinci ba ya ciyuwa, barci ba ya zuwa ko da jariri ya yi barci, kina jin ke ba uwar kirki ba ce, ko tunanin cutar da kanki ko jaririn yana zuwa miki, ki gaya wa ungozoma ko likita a ranar. Ciwo ne, yana da magani, ba raunin zuciya ba ne. Maigida da masu zuwa barka, ku ma ku sa ido, don mai ciwon ba kasafai take faɗa da bakinta ba.

Wani abin kuma shi ne, madubin yakan yi ƙarya wajen girma. A 2000 Thomas Gilovich da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell suka sa ɗalibai sanya riga mai hoton wani mawaƙi da matasa ke jin kunyar a gan su da shi, suka shiga ɗakin da wasu ɗalibai ke zaune. Masu rigar sun ƙiyasta kusan rabin mutanen ɗakin sun lura. Da aka tambaya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka lura. Kowa da abin da ya dame shi. Na kawo wannan ne saboda masu karɓar maganin tarin fuka, da na cuta mai karya garkuwar jiki, da masu zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa ko na tazarar haihuwa. Da yawa sukan tsallake ranar asibiti don kada a gan su a layi, wasu su tafi wani gari mai nisa karɓar magani, ranar da kuɗin mota ya gagara magani ya yanke. Ban ce tsangwama babu ita ba, akwai ta, kuma tana da ciwo. Amma idanun da kake jin suna binka a farfajiyar asibiti ba su kai yawan da kake zato ba, yanke magani kuwa yana ba ƙwayar cuta damar ta gagari maganin. Sirrin fayil ɗinka amana ce a wuyan ma'aikata, ba a buɗe wa kowa shi sai da izininka ko bisa doka. Idan wurin jira ne ke damunka, yi magana da mai ba ka maganin, sau da yawa akan sami mafita.

Gadon da ke kusa da naki

A 1954 Leon Festinger ya ce idan mutum ba shi da ma'aunin da zai auna kansa, da na kusa da shi yake aunawa. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin masu jego ya ga wannan. Jaririn waccan ya fi nawa ƙiba. Nononta ya kawo, nawa shiru. Ita da kanta ta haihu, ni sai da aka yi mini aiki. Yanzu kuma ga hotunan suna a WhatsApp da Facebook, maijego ta sha kwalliya kamar ba ita ta yi naƙuda ba, babu mai ɗora hoton daren da ta kwana tana kuka.

Kwatance ba kullum yake cutarwa ba. Shelley Taylor da abokan aikinta, a binciken da suka yi a shekarun 1980 da mata masu sankarar mama, sun tarar yawancinsu sukan kwatanta kansu da wadda ta fi su shan wahala, kuma hakan yana ba su ƙarfin gwiwa. Ganin wadda ta warke ta dawo duba lafiya da ƙafarta ma yana ƙarfafa mai jiran tiyata. Inda matsala take shi ne a ɗauki jikin wata a mayar da shi sikeli. Jariri lafiyayye yakan rage nauyi a kwanakin farko, har kusan kashi 10 cikin 100, ya mayar da shi cikin mako biyu. Dakashin da ke fitowa kaɗan-kaɗan a kwana biyu ko uku na farko ya ishi cikin jariri, kuma yana ɗauke da kariya daga cututtuka. Matsar da shi a zubar, ko ɗura wa jariri ruwa don nonon maƙwabciya ya riga naki kawowa, asara ce. Yaro na iya fara tafiya a wata tara, wani sai wata goma sha bakwai, duka lafiya lau. Sikelin da za ki dogara da shi shi ne katin awon yaronki, inda ake kwatanta shi da kansa na watan jiya. Tiyatar haihuwa kuma ba ragwanta ba ce. Idan ƙugu ya yi wa kan jariri kaɗan, ko mabiyiya ta tare hanya, ko jariri ya kwanta a gicciye, babu jarumtar da za ta buɗe ƙashi. Mace nawa ce ta ƙi sa hannu a takardar tiyata har lokaci ya ƙure, don kawai kada kishiya ta ce ta kasa?

Wurin da kwatance da ɗora laifi suka fi haɗuwa su yi ɓarna shi ne rashin haihuwa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum ɗaya cikin shida na manya yakan fuskanci wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa. A kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa, akwai matsala a ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Amma da yake cikin mace ake kallo, ita ake kira juya, ita ke yawon asibiti da gidajen masu magani shekara da shekaru, maigida kuwa ko sau ɗaya ba a duba shi ba. Haihuwar da ya yi da wata matar shekara goma da suka wuce ba ta tabbatar da lafiyarsa ta yau, domin ciwon sanyi, ciwon suga, kumburin jijiyoyin maraina da wasu magunguna duk suna iya sauya lamarin.

Saboda haka idan kun shekara guda kuna tare ba tare da ɗaukar matakin tazara ba kuma ciki bai samu ba, ko wata shida idan matar ta haura shekara 35, ku zo ku biyu. Gwajin namiji shi ne mafi sauƙi da araha, shi ya sa ake son a yi shi tun farko: zai ƙaurace wa iyali na kwana biyu zuwa bakwai, ya bayar da maniyyi a kwalbar da ɗakin gwaji zai ba shi, a duba cikin sa'a guda. Idan sakamakon farko bai yi kyau ba akan maimaita bayan wasu makonni kafin a ce komai. Matar kuma ta zo da lissafin ranakun al'adarta na watannin baya, da duk wata takardar gwaji ko hoton ciki da aka taɓa yi mata a wani wuri.